Maƙerin Fari da Tagullarsa a Ƙasar Gaya

Duk wanda ya san tarihin Kano ya san ƙira ba baƙuwa ba ce a Gaya. Labarin da aka gada ya ce Abagayawa, maƙera ne daga Gaya, su suka fara zama a gindin Dala saboda tama, kuma sunan shugabansu Kano. Amma waɗannan maƙeran baƙi ne, masu fartanya da lauje da gatari. Maƙerin fari shi kuwa ba ruwansa da baƙin ƙarfe. Azurfa da jan ƙarfe da tagulla su ne abincinsa, daga cikinsu yake fitar da zobe da munduwa da awarwaro da likkafa da kwalliyar dokin hawan Sallah.

Yau tagullar ba daga fatake take zuwa ba, daga 'yan gwangwan take: tsohon kan famfo, karyayyen kwaɗo, tarkacen injin ban-ruwa. Maƙeri zai ɗauki gutsure, ya goga masa magagari ya duba launin ciki, ya jefa a kan uwar maƙera ya saurari ƙararsa. Daga nan ne ciniki yake farawa, don akwai ƙarfen da aka yi wa fenti kawai.

Wani lokaci kwanson harsashi yakan faɗo cikin tarkacen. Tagullarsa mai kyau ce ƙwarai, kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe, 30 tutiya, tana da laushi, tana karɓar guduma. A Amurka mafarauta da masu wasan harbi sukan tara kwansunan su sake cika su a gida. A Najeriya ba haka abin yake ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izini ba, aikin na irin masana'antar DICON ce ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Maharbin ƙauye a Ajingi ma bai damu da kwanso ba, bindigarsa ta toka ce, ta baki ake ɗura ta. Maƙeri mai hankali dai yakan ture kwanson gefe. Harsashin da bai tashi ba yana iya fashewa cikin wuta, wanda ya tashi kuma yana iya jawo tambayar da ba a shirya mata ba, balle a wannan zamani na 'yan bindiga.

Narkar da tagulla ita ce gwanintar. Za a siffanta abin da ake son ƙerawa da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya zube, sannan a kwarara narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Yaro yana kan zuga-zugi, maigida yana kallon bakin tukunya. Da farin hayaƙi ya fara tashi sai ka ji ya ce, "Sassauta, yaro, tutiyar ce ke gudu." In aka bar ta ta gudu, kayan zai fito jajaye, ga kumfa a ciki, mai doki kuma ba zai biya kuɗin ba.

Kowane gurbi sau ɗaya yake aiki, sai an fasa shi kafin a ga abin da ya fito. Mata yanzu sun fi son ɗan kunnen kanti mai arha, shi ya sa kasuwar maƙerin fari ta fi tashi idan Sallah ta gabato, lokacin da hakimai da dagatan masarautar Gaya ke gyara dawakansu.