Holan: Ƙasar Da Aka Ƙwato Daga Bakin Teku

A Kwadon, garin albasa da tumatir da ke bakin hanyar Gombe zuwa Biyu, in aka ambaci Holan abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne atamfar da ake sa wa a lefe, sai kuma madarar gwangwani ta Peak. Amma manomi ko ɗan kasuwar garin da Allah ya nufa ya yi hutun kwana uku a can zai tarar ƙasar ta fi shafar sana'arsa fiye da yadda ya zata.

Tun daga saukar jirgi abin mamaki ke farawa, domin filin jirgin saman Schiphol yana kan wani tafki ne da aka gama janye ruwansa cikin shekarar 1852, kuma har yau ƙasansa bai kai tudun teku ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar haka yake, watau ba don ganuwa da injunan jan ruwa ba, da tuni kifi ne ke yawo a inda mutane ke kwana.

Baƙon da kwanakinsa kaɗan ne yakan fara da Amsterdam, inda ake shiga kwalekwale mai rufin gilashi a zaga magudanan ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 17. Dogayen gidajen nan masu matsattsiyar fuska da ke gefen ruwa na fatake ne, waɗanda suka yi arziki da kamfanin cinikin Gabas da aka kafa a 1602. A babban gidan tarihi na Rijksmuseum akwai zanen Rembrandt na masu gadin birni, wanda ya gama a 1642, kuma kullum jama'a na cincirindo a gabansa. Sai dai wannan arziki yana da ɗaci. Mutanen Holan sun ƙwace gidan yaƙin Elmina da ke Gana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, suka yi ta lodin bayi daga can, ba su bar wurin ba sai 1872 da suka miƙa wa Ingila. Sarkinsu Willem-Alexander ya fito ya nemi gafara a kan cinikin bayin ranar 1 ga Yuli, 2023.

Ita kanta atamfar tana da hannu a wannan tarihi. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, ya fara ne da kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, wadda Holan ta mallaka a zamanin. Kasuwar can ba ta karɓi na inji sosai ba, matan Afirka ta Yamma kuwa suka rungume shi.

Rana ta biyu ita ce ta manomi. A Kinderdijk, kusa da Rotterdam, akwai injunan iska guda 19 da aka gina wajen 1740, aikinsu ɗaga ruwa daga fadama su zuba shi a kogi. Masu yawon buɗe ido hoto kawai suke ɗauka su wuce, alhali abin lura shi ne waɗanda ke kula da ruwan. Tun ƙarni na 13 manoman kowane yanki suka kafa majalisar ruwa, kowa ya san rabonsa na gyaran ganuwa da yashe magudana, kuma har yanzu zaɓen 'yan majalisun nan ake yi, harajinsu ma daban yake da na gwamnati. Ba su tsira daga masifa ɗungum ba, don ambaliyar 1953 ta hallaka mutum 1,836, ita ce kuma ta sa aka gina manyan madatsun kudu maso yamma.

Mutumin Kwadon ba zai ga wannan ba tare da ya tuna da madatsar Dadin Kowa ba, wadda aka gama kan kogin Gongola a 1984, ga ruwa jibge amma shekaru da dama bai isa gonaki yadda aka tsara ba, manoman rani da yawa suna ta fama da rijiyar burtsatse da kuɗin man inji. Gina madatsa aikin 'yan shekaru ne, amma raba ruwa da yashe magudana aikin kullum ne, kuma a nan ne mutanen Holan suka yi fice.

A rana ta uku sai a nufi Flevoland. Bayan an toshe bakin wani sashen teku da ganuwa mai tsawon mil 20 a 1932, aka janye ruwan, aka mai da ƙasan teku gona, har ya zama jiha a 1986. Nan ne ɗaya daga cikin manyan wuraren noman albasar ƙasar. Ana cire ta wajen watan Satumba, a zuba a manyan rumbuna masu fankoki da ke hura iska ta ƙarƙashi, ta bushe, ta yi watanni ba ta ruɓe ba, mai ita ya sayar lokacin da ya ga farashi ya yi masa. A kasuwar Kwadon kuwa, da kakar albasa ta zo buhu yakan faɗi warwas, domin wanda ba shi da wurin ajiya dole ya sayar ko ya yi asara, bayan 'yan watanni kuma ta yi tsadar da magidanci ke ƙirga ta ɗai-ɗai.

Galibin albasar Holan waje ake kai ta, kuma Sanigal na cikin manyan masu saye. Gwamnatin can takan rufe ƙofar shigo da ita in ta gida ta nuna, ta sake buɗewa bayan manomanta sun sayar da tasu.