Kaset ɗin Ƙuruciya: Abin da Ke Hana Wasu Waƙoƙi Tsufa a Kunne

Kundin waƙoƙi, wanda matasan yau suke kira albam, tarin waƙoƙi ne da ake fitarwa a haɗe, a jere ɗaya bayan ɗaya, domin a saurare su a zama guda. A ƙasar Hausa siffar da aka fi saninsa da ita ita ce kaset. Da wuya a sami mutumin da ya haura shekara arba'in, a Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi, wanda ba shi da wani kaset da ya ji tun yana saurayi ko tana budurwa, kuma har gobe idan aka kunna shi sai ya ajiye abin da yake yi. Ba kowane kaset ne yake samun wannan matsayi ba. Cikin ɗaruruwan da mutum ya ji, 'yan kaɗan ne suke raka shi har furfura, kuma akwai dalilan da suka sa haka.

Kafin kaset akwai faifan garmaho. Faifan farko yana ɗaukar kimanin minti uku ne a kowane gefe, abin da ya takura mawaƙan baka ƙwarai, domin mai kalangu ko kotso a minti uku ko shimfiɗar waƙa bai gama ba. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai ɗaukar sama da minti ashirin a gefe guda, kuma daga nan ne al'adar albam ta kafu a duniya. Amma garmaho kayan masu hali ne. Abin da ya kai waƙa ɗakin talaka shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma bazu a Arewa a shekarun 1970, lokacin da rikoda ta zama tsarabar alhazai da kayan ɗakin amare. Kaset mai minti sittin ko casa'in ya dace da tsawon numfashin mawaƙan Hausa. Alhaji Mamman Shata yana iya cinye gefe guda da waƙa ɗaya ko biyu, ba a yanke masa amshi ba.

Kaset ɗin mawaƙan gargajiya ya bambanta da albam ɗin Turawa ta wata fuska. Sau da yawa ba mawaƙin ne ya tsara shi ba. A wancan zamani mai shagon kaset a kasuwa ko bakin tasha shi ne yake haɗa waƙar da aka ɗauka a gidan rediyo da wadda aka ɗauka a wajen biki, ya jera su yadda ya ga dama, ya rubuta sunan mawaƙi da biro a jikin kwali. Duk da haka jerin nan yana zama a kan mai sauraro daram. Wanda ya saba da kaset ɗinsa, kafin wata waƙa ta ƙare ya riga ya fara rera ta gaba a zuci, har ya san inda sauti yake dusashewa saboda zaren ya taɓa tsinkewa aka liƙe shi da salatif. Rikoda ba ta da saurin tsallake waƙa, kuma batir yana da tsada. Mai son komawa baya sai ya zare kaset, ya zura biro a ramin, ya yi ta juyawa da hannu don kada batir ya ƙare. Wannan wahala ta tilasta wa mutane su ji kaset daga farko har ƙarshe, har waƙar da ba ta burge su da farko ba ta sami lokacin shiga ransu.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi nazarin wannan shaƙuwa. Sun lura cewa idan aka nemi dattijo ya tuno rayuwarsa, mafi yawan abin da zai kawo ya faru ne tsakanin shekara goma zuwa talatin, lokacin da mutum yake fara abota ta zaɓin kansa, ya fara soyayya, ya fara barin gida. Waƙar da aka ji a wannan tsakani tana ɗaure da waɗannan abubuwa. A 1989 wasu masana biyu a Amurka, Morris Holbrook da Robert Schindler, sun gano cewa mutane sun fi ƙaunar waƙoƙin da suka yi tashe lokacin da suke wajen shekara ashirin da huɗu. An kuma daɗe da sanin cewa maimaita jin abu yana ƙara sonsa, kuma saurayin da kaset uku kawai ya mallaka ya maimaita su fiye da ƙima. Likitoci ma suna ganin tsofaffi masu ciwon mantuwa da suka kasa gane 'ya'yansu, amma a kunna musu waƙar zamaninsu su kama amshi.

Sai dai shekaru da maimaici ba su isa su bayyana komai ba. Akwai kaset ɗin da mutum yake kunnawa don tuna baya, ya yi murmushi, ya kashe kafin a kai rabi. Akwai kuma wanda yake jin daɗinsa yau fiye da jiya. Bambancin yana cikin aikin da aka zuba, kuma a waƙar Hausa mafi yawan aikin yana cikin magana.

Yaron da ya taso yana jin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, abin da ya fara kama shi shi ne kiɗan kotso da yadda 'yan amshi suke karɓar magana daga bakin ubangidansu su ƙarasa ta. Sai ya girma, ya zauna da mutane, ya ga yadda ake neman sarauta da yadda ake rasa ta, sannan yake gane zambon da aka yi wa ɗan sarkin da ya ci buri bai samu ba, da habaicin da aka lulluɓe cikin kirari. Haka abin yake ga Ibrahim Narambaɗa, wanda Hausarsa ta Gobir take cike da kalmomin da mai sauraro zai yi shekaru kafin ya warware. Irin wannan waƙa tana ajiye wa kunne wani abu na gaba. Shata, da aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa, ya yi wa noma da tafiye-tafiyensa, har kumbon da ya kai Amurkawa duniyar wata. Matashi yana jin sa ne don kalangu da ƙarfin murya. Magidanci yana jin sa don ya ga yadda ake yabon mutum da kalmomi kaɗan a kuma ɗaga darajarsa, ko a kayar da shi da jimla guda. Ba banza Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa ba.

Ɗan Maraya Jos ya bi wata hanyar. Shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, babu ɗan amshi, kuma ya fi karkata ga talakan da ba a saba yi wa waƙa ba, irin su karen mota, da zaman aure da halin ɗan Adam. Abin da ya faɗa kan rikicin miji da mata, wanda yaro ya ji a matsayin abin dariya, shi ne wanda ya yi aure yake ji yana girgiza kai. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta yi wa mata irin wannan hidima da kiɗan ƙwarya. Ta matsa musu su kama sana'a, ta taɓo kishi da haihuwa da baki buɗe, kuma matan da suka yi rawar amada suna 'yan mata su ne yau suke neman a sa musu ita a bikin jikokinsu. Waɗannan mawaƙa sun ɗora waƙarsu a kan abin da ba ya canzawa da sauri a zaman mutane, shi ya sa lokaci bai ci su ba.

Ƙuruciyar Bahaushe ba ta tsaya kan kiɗan gargajiya ba. Kaset ɗin waƙoƙin fina-finan Indiya ya cika ɗakuna, kuma mutane da yawa sun haddace muryar Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba tare da sanin ma'anar kalma ɗaya ba. A nan karin sauti ne ya yi aikin da magana take yi a wajen Shata, har wasu masu bege a Kano suka ari karin suka ɗora yabon Annabi a kai. 'Yan makarantun kwana na shekarun 1980 suna da Bob Marley, da albam ɗin Thriller na Michael Jackson da ya fito a 1982. A Nijar akwai Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda kaset ɗinsa ya tsallako iyaka ya cika Arewa. Daga wajajen 2000 kuma waƙoƙin fina-finan Hausa da ake kiɗawa da fiyano suka karɓe kasuwa, musamman bayan fim ɗin Sangaya, har dillalan Ƙofar Wambai suka riƙa sayar da kaset ɗin waƙoƙin fim kafin fim ɗin ya fito. Dattawan lokacin sun raina su. Yaran da suka so su yau iyaye ne, kuma tacewa ta riga ta fara: waɗanda aka yi da murya mai kyau da baiti mai ma'ana ana nemansu, dubban da aka yi don cike gurbin rawa a fim sun ɓace ba wanda ya tambaye su.

Son kaset yana kuma bin gado. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Cornell a 2013 ya nuna cewa ɗalibai suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin da suka yi tashe a ƙuruciyar iyayensu, domin su suka ji a gida suna ƙanana. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a shagon tela ko teburin mai shayi, inda saurayin da aka haifa bayan rasuwar Shata yake jin sa a waya, saboda muryar da ta tashe shi kenan a motar mahaifinsa ko rediyon kakarsa a shirin zaɓi sonka.

Yau yawancin waɗannan waƙoƙi sun koma memori da YouTube, ta hannun masu tura waƙa a kasuwa. An samu sauƙi, amma an yi asarar da ta kamata ta dami kowa. Jerin da aka saba da shi ya wargaje, ana yanke doguwar waƙa a bar amshi kawai, kuma sau da yawa babu sunan wanda aka yi wa ita, balle shekarar da aka ɗauke ta ko sunayen makaɗan da suka yi aikin. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura da damshi suna cin sa, kuma kowane kwafi yana rage ingancin sauti. Mafi kyawun ɗauka suna ɗakunan ajiya na tsofaffin gidajen rediyo irin na Kaduna da Kano da Muryar Sahel a Yamai, da sassan nazarin Hausa na jami'o'i, da akwatunan mutane a gidaje. Wanda yake da irin wannan kaset, abin da ya dace shi ne a juya shi zuwa kwamfuta gaba ɗayansa, gefe da gefe yadda yake, a ɗauki hoton kwalinsa, a kuma rubuta duk abin da mai shi ya sani game da inda aka saye shi da lokacin da aka ɗauki waƙoƙin.