Sashen da Ba Ya Kawo Riba: A Rufe ko A Bari?

A ce wani mai gidan burodi a Unguwar Boro yana haɗawa da yin kek. Ƙarshen wata akawu ya kawo lissafi: sashen kek ya yi cinikin naira 600,000, fulawa da sukari da mai da albashin masu kwaɓawa sun cinye 450,000, sannan aka ɗora masa 200,000 a matsayin kasonsa na haya da albashin maigadi da na shi kansa akawun. An faɗi da 50,000 ke nan, maigida kuwa zai ce a rufe.

To, ya yi garaje. Mai haya ba zai rage masa ko kwabo ba don ya daina kek, maigadi ma yana nan. Wannan 200,000 za ta koma kan burodi ɗungurungum, kuma 150,000 da kek ke bari bayan ya biya kuɗin kayansa ta tafi. Abin da ake tambaya shi ne, wane kuɗi ne zai bi sashen ya tafi, wanne ne zai zauna? Kuɗin da aka sayi tanda da shi bara ba ya cikin lissafi, ya riga ya fita, ko da yake shi ya fi hana 'yan kasuwa barci. Amma in ɗakin kek zai iya fitar da ƙarin burodin da ribarsa ta haura 150,000, rufewar ta yi daidai. Sai dai a tuna da mai zuwa sayen kek ya tafi da burodi biyu.

A masaƙun Kakuri da ke kudancin garin Kaduna, lokacin da suke aiki, lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, domin kaɗi da saƙa da buga atamfa a jere suke: wanda ya rufe sashen kaɗi dole ya sayi zare a waje, a farashin mai sayarwa. Rufewar ma ba kyauta ba ce, akwai haƙƙin sallamar ma'aikata. A cikin masaƙun nan, kamfanin KTL, wanda ya fara aiki a 1957, ya tsaya a 2002, UNTL kuma a 2007, bayan tsadar wuta da baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri sun ci ƙarfinsu. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu bai zo hannunsu ba.