Abin da Hayaƙin Taba Yake Yi wa Jiki

A ƙarshen shekarun 1940 ciwon dajin huhu ya yawaita a Ingila har likitoci suka rasa bakin zaren. Wasu suka zargi hayaƙin motoci, wasu kwaltar tituna. Likita Richard Doll da Austin Bradford Hill suka sa aka bi asibitocin Landan ana yi wa majinyata tambayoyi, kuma sakamakon da suka fitar a 1950 ya nuna kusan duk mai wannan ciwo mashayin taba ne. Shi kansa Doll yana sha, amma tun binciken bai ƙare ba ya yar da ita.

Daga 1951 aka riƙa bibiyar likitocin Birtaniya maza sama da 34,000 har tsawon shekara 50. Kusan rabin waɗanda suka ƙi rabuwa da taba ita ce ta yi ajalinsu, kuma mashayi kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa.

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu haddasa ciwon daji. Nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi, shi ne yake ɗaure mutum ya kasa bari. Baƙin danƙon hayaƙin yana lalata 'yan gashin da ke share datti daga hanyoyin numfashi, shi ya sa mashayi ke tashi da tari kowace safiya. Akwai kuma iskar gubar nan irin ta janareta, wadda kan kashe iyali guda a rufaffen ɗaki. Tana ƙwace gurbin iskar numfashi a cikin jini, zuciya ta yi ta wahala, jijiyoyi su ƙuntace, wata rana sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda bai taɓa kunna kara ba: matar gida, mai ciki, jaririn da ke kwance a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan 1 daga ciki hayaƙin wani suka shaƙa. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da taba ga ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da ita kara-kara, amma har gobe ana aiken yara tireda su sayo.

Wancan binciken na likitoci ya gano wani abu kuma. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 kan tsira daga kusan duk asarar, mai 50 ya ceto kimanin shekara 6, mai 60 ma yakan samu 3.