Waƙa Ɗaya, Fuskoki Da Yawa: Ina Za A Ajiye Rimiks?

Shirinmu na yau zai leƙa ɗakin ajiyar waƙoƙi ne, inda wata tambaya ke hana ma'aikata sakat: idan aka sake yi wa waƙa kiɗa, ko aka gayyato wani mawaƙi ya ƙara baiti, ita ce dai ta jiya ko sabuwa ce?

Mu ɗauki "Love Nwantiti" ta CKay, mawaƙin nan ɗan Najeriya. Ta fito a 2019. A 2020 aka sake ta da muryoyin Joeboy da Kuami Eugene na Ghana. Daga nan sai ga wadda aka yi da ElGrande Toto na Maroko, ga ta Rayvanny na Tanzaniya, ga kuma wadda DJ Yo da AX'EL suka juya wa kiɗa, ta cika TikTok a 2021. To, mai sauraro ya bugo waya ya ce a sa masa waƙar. Wacce a ciki?

Masu harkar sun raba abin gida uku. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka tsara. Akwai ɗauka, wato abin da aka naɗa a situdiyo. Akwai kuma faifan da aka kai kasuwa. Rimiks sabuwar ɗauka ce, shi ya sa ake ba ta lambarta ta ISRC, lambar nan mai haruffa da alƙaluma 12 da ake bin sawun waƙa da ita a lissafa kuɗin da ta kawo. Nan fa ba wasa: idan aka cakuɗa lambobi, haƙƙin baƙon mawaƙin da na wanda ya sake kiɗan na iya salwanta.

A kan faifan ne aka rabu. Kundin Discogs, wanda aka buɗe a 2000, ya fi karkata ga tara su ƙarƙashin jigo ɗaya muddin suna ko hoton bango ya nuna asalinsu ɗaya. Kundin MusicBrainz kuwa yana da tambari na musamman da yake liƙa wa faifan da rimiks ya fi yawa a ciki, sannan ya ƙulla kowace ɗauka da wadda aka samo ta daga gare ta. Mujallar Billboard, da ƙirga ya dama, takan haɗe su. Haka "Calm Down" ta Rema ta kai mataki na 3 a jadawalinta na Amurka bayan Selena Gomez ta shigo.

A ganina, tsarin gidan gandu ya fi: ƙofar gida ɗaya, amma kowa da ɗakinsa. Wanda ya zuba su duka a layi ɗaya ya shafe aikin mutane. Wanda ya warwatsa su kuma, mai nema zai sha wahala kafin ya gano ta asali.

Saboda haka ma'aikatan ɗakin faifai a gidajen rediyo, da ku masu tura waƙoƙi a waya, ku daina rubuta sunan waƙa tsurarsa. Ku sa shekara, ku sa sunan baƙon mawaƙi da na wanda ya sake kiɗan, ku kuma nuna wacce ce ta farko.