Masu Jiran Tafiya Faransa: Batun Waya a Ƙofar Gidan Abinci

Iyalai da dama sun tambaye mu: wai gaskiya ne a Faransa ana mayar da mutum daga ƙofar gidan abinci in wayarsa ba ta da wata manhaja?

Sunan manhajar TousAntiCovid. A da, lokacin korona, daga 9 ga Yuni 2021, mai son zama a ciki yakan haska wayarsa kan wata alama a bakin ƙofa, domin a sanar da shi in an gano mai korona ya zauna wurin tare da shi. Amma ko a lokacin ba tilas ba ce. A wancan lokacin, wanda ba shi da babbar waya, kamar yawancinmu, yakan rubuta sunansa da lambarsa a littafin da aka ajiye. Wannan bai shafi takardunku na gudun hijira ba. A lokacin ana kiran littafin "cahier de rappel".