"Ai Babu Wuta": Maganar da Ke Jefa Magina Cikin Haɗari

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau ya nufi yammacin Kano, garin Mainika da ke ƙaramar hukumar Gwarzo da maƙwabtansa har zuwa Kabo. Kaka ta yi, an kai amfanin gona kasuwa, kuɗi ya shigo hannu, ga bulo da yashi an fara saukewa a ƙofar gidaje. Maganarmu da magina ce, da leburori, da masu walda, da kuma maigidan da ya ɗauko su aiki.

A garuruwanmu wuta kan yi kwana da kwanaki ba ta zo ba, har ido ya saba da waya, an daina jin tsoronta. Yaro zai yi turus a gindin tsani, sai a ce masa, "Ai babu wuta, hau kawai." To, ma'aikacin da zai maido da wuta daga tasha ba ya ganin wanda ke kan gini. Ko da wutar gari ba ta dawo ba, maƙwabci na iya tayar da janareta wanda ya haɗa kai tsaye da wayoyin gidansa ba tare da makunnin sauya layi ba, wutar ta biyo waya ta fito waje.

Mu tsaya a kan rodi. Tsawonsa mita 12 ne idan an miƙe shi. Lebura yana ƙasa yana turawa, wani yana sama yana ja, hankalinsu duka yana kan nauyin ƙarfen, bakin rodin kuwa yana lilo can sama. Wayar da ta ratsa saman unguwa, idan ta babban layi ce, tana ɗauke da ƙarfin volt 11,000 ko 33,000, alhali wutar soket ɗin ɗaki 230 ce kawai, ita ma tana kisa. Wayoyin babban layi tsirara suke, babu roba a jikinsu, kuma ba sai an taɓa su ba: ƙarfe ya matso sosai, wutar za ta yi tsalle ta kama shi. Haka abin yake da dogon kwanon rufi da tsanin ƙarfe. Shi ya sa ƙa'idar ƙasa ta ware fili mai faɗin mita 11 a ƙarƙashin irin wannan layi, wato mita 5.5 kowane gefe, ba a gini a ciki.

(Kiɗa kaɗan)

Sai wayar da ake jawowa zuwa injin walda ko na buga bulo. Kowa ya san ta: an yi mata ɗori uku ko huɗu, an naɗe da leda, babu filogi, an cusa bakinta cikin soket an tokare da tsinken ashana. Tana kwance a inda ake kwaɓa siminti, mai ɗebo ruwa yana tsallake ta ƙafa ba takalmi. Wuta ta fi saurin bin jiƙaƙƙen jiki. Alhaji mai gini, kuɗin sabuwar waya da filogi da takalmin roba bai kai na 'yan buhunan siminti ba. Akwai ƙaramar na'ura da ke katse wuta nan take idan ta fara bin jikin mutum. A sa mai haɗa wuta ya ɗaura ta. Shi ma mai haɗa wutar, a tambaye shi takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa alhakin tantance masu haɗa wuta.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada a kai hannu. A kashe makunni ko janareta tukuna. Wutar gida ce kaɗai ake iya ture mutum daga jikinta da busasshen katako. Ta babban layi kuwa, a ja baya, a kira kamfanin wuta na KEDCO su kashe. Ko mutum ya miƙe yana cewa lafiya lau yake, a kai shi Babban Asibitin Gwarzo, domin wuta kan rikita bugun zuciya.

Shugabannin magina na Mainika da Gwarzo da Kabo, don Allah gobe kafin kowa ya hau tsani, ku ɗaga kai ku duba inda waya ta bi. Idan ta yi kusa, a dakata da aiki har sai an kashe layin. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.